Tulun Kifin Inna

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na rubuta wannan ne saboda masu jinyar iyayensu a ƙauye, musamman irina, masu ɗan karatun boko da muke ganin mun fi kowa sani. Kuskure biyu aka yi a jinyar mahaifiyata. Ɗaya na dangi ne, ɗaya nawa ne ni kaɗai, kuma nawan ya fi ba ni kunya.

Garinmu ƙauye ne a arewacin Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, ba inda za ka jefa tsakuwa ba ta faɗa a shukar wani ba. Ni ce auta, ina aure a Bacirawa, ina koyarwa a wata firamare. Baba ya rasu shekara shida ke nan. A gidan akwai Inna, da yayana Sale da iyalinsa, da Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta zama alƙalin gidan ba tare da kowa ya naɗa ta ba.

Inna ba 'yar tudu ba ce. Daga fadamar ƙasar Haɗejiya aka kawo ta, 'yar masunta, shekara arba'in da ɗoriya. A gidanmu kuwa ba a cin kifi. Wai kakan kakanmu ya ci kifi ya kora da nono, fatarsa ta yi dabbare-dabbare, tun daga ranar tukunyar gidan ba ta sake ganin kifi ba. Ban taɓa jin Inna ta yi ƙorafi ba. Ni ma ban taɓa tambayarta ba.

Ciwon ya fara ne a tsakiyar damina, zazzaɓi irin na kowa. Sale ya kai ta kemis aka yi mata allurai, cikin mako guda zafin jikin ya sauka. Sai dai idonta ya ɗan yi launin ɗorawa. Gwaggo ta zo ta ɗaga mata fatar ido da ɗan yatsa, ta leƙa, ta yanke hukunci.

"Shawara ce. A janye mata mai, a janye nama da ƙwai da gyaɗa. Nono ma kada ta gan shi."

Aka bar Inna da koko tsurarsa da jiƙon saiwoyi. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, Allah ya saka musu da alheri, ba wanda ya zo hannu rabbana. Amma duk wadda ta zauna a bakin tabarma sai ta cire wani abu daga kwanon Inna kafin ta tashi. Wannan ta ce wake yana tayar da shawara, waccan ta ce ganye ma a yi hattara. Ba wadda ta taɓa ƙara komai. Launin idon ya washe tun a mako na biyu, dokar kuwa ta zauna har mako shida, domin mu mun iya sa doka, ba mu da ranar cire ta. Ni kuma a waya nake jinyata. "Inna, ya jiki?" "Da sauƙi, Auta." Na manta cewa Bahaushe ko ana juya shi gabas "da sauƙi" zai ce.

Ranar da na zo gida, wata Lahadi da la'asar, na tarar da ita a rumfar tsakar gida. Ƙafafunta sun kumbura, wuyanta ya zama siriri, tafin hannunta fari fat. Ta daɗe tana kallona kafin ta yi murmushi.

"Ke ma a kwalekwale kika zo?"

Na ɗauka zolaya ce, na yi dariya. Sai ta nuna min ta saman danga. Gero ya fi mutum tsayi a lokacin, iska tana kwantar da shi tana tayarwa, tun daga bayan gidanmu har iyakar gani.

"Ba ki ga ruwa ya kawo ba?" in ji ta.

Na daina dariya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Washegari da sassafe muka ɗauke ta zuwa asibitin gwamnati. Tunkiyarta ce ta riga mu fita, Sale ya kai ta wurin mai saye, ita ta ɗauki nauyin tafiyar. Layin kati daban, layin likita daban, layin gwaji daban, kowanne da nasa rabon wulaƙancin. Mai ba da kati ta daka min tsawa don na tambaye ta abu sau biyu, har yau ban huce ba. Amma wata dattijuwa mai shara ta ga Inna tana zamewa daga kan benci, ta je ta ɗauko tabarmar sallarta ta shimfiɗa mata a inuwa. Ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a.

Sai bayan azahar muka shiga. Likitar mace ce siririya, da ƙyar in ta girme ni. Ta duba takardar gwaji, ta danna ƙafar Inna, wurin ya lotsa bai dawo ba.

"Malama, me take ci?"

"Koko."

"Sai me?"

"Sai jiƙo."

Ta ajiye biro. "Zazzaɓin ya tafi tuni. Abin da ke cin Inna yanzu yunwa ce. Yunwa, a gidan da ke da rumbu."

Aka kwantar da ita kwana huɗu, aka ƙara mata jini, Sale ne ya bayar. Ranar sallama likitar ta tsayar da ni a baranda ta faɗi maganar da ba zan manta ba. "Jinin nan da muka sa mata aro ne. Nata na kanta a tukunya za ku dafa mata shi." Ta lissafa min ƙwai, wake, hanta, zogale, kifi. Har ta juya, sai ta ƙara da cewa, "Amma a rage mata gishiri, awon hawan jininta ya ɗan ɗaga." Wannan ta ƙarshen na ƙulle ta tam a bakin zane.

Na nemi hutu a makaranta na tare a gida. Nan muka gane kawo abinci daban, ci daban. Cikin Inna ya manta aikinsa. In na kai mata loma biyu, ta uku sai ta kau da kai. Na dafa hanta, ta ce ƙarni. Na dama kunun gyaɗa, ta ce nauyi. Har kifi na sa aka sayo daga dam, na dafa a maƙwabta na shigo da shi a ɓoye, ta shinshina ta ture. Kullum zoben azurfarta ƙara yi mata yawa yake, har ta mayar da shi babban yatsa. Na san abin da likita ta ce, kuma ina gani da idona: in ba ta ci ba, jinin aro zai ƙare, mu rasa ta.

Da hantsi takan shiga wani hali, ba barci ba, ba ido biyu ba. Inuwar darbejiya tana yawo a fuskarta, kurciya tana kuka a kan rumbu, ita kuma tana magana a hankali, ba lallai da ni ba. Takan kira sunayen mutanen da ban sani ba. Takan ce a janyo koma, ragar kamun kifi, rana ta yi. Ni ma da nake mata fifita sai in ji idona ya yi nauyi, in ji kamar tabarmar tana lilo da mu. A irin wannan hantsin ne ta fara ba ni labarin mahaifiyarta, Iya, wadda ta tafi Makka a ƙasa tana yarinya, ayarinsu ya yi shekaru a Sudan a bakin wani babban kogi. A can ta koyo sa kifi a tulu da gishiri. Da ta dawo fadama ta ƙara masa tsamiya da kayan yaji, ya zama nata.

"In an buɗe tulun, Auta, har ƙofar gida ake jin sa. Ƙayarsa ma narkewa take a baki. Mai jego aka fi ba wa, da wanda ya tashi daga ciwo." Ta buɗe ido ta dube ni sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi min ba. "Ki yi min. In na ci shi, na ci komai."

Gwaggo ta ji, don kunnenta ba ya tsufa.

"A gidan nan? Shekara arba'in ba ta nema ba sai yau?"

"Gwaggo, shekara arba'in wa ya tambaye ta?"

Na san na yi rashin kunya, na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Gwaggo ta dubi Inna a kwance, ta ɗauki butarta. "A sa a ɗakinta. Kada in ji wari."

Sale ya kawo ƙananan kifi, kawara, daga wurin masuntan dam. Inna tana kwance ido a rufe tana ba ni umarni. A cire ciki, a wanke, a shanya a inuwa ruwan ya tsane. Kifi kwano uku, gishiri kwano ɗaya, mai tsakuwa. A jera kifi a zuba gishiri, a jera a zuba. Sai ruwan tsamiya mai kauri, da citta da barkono da kanumfari. A kife kasko a bakin tulu, a liƙe da yumɓu, a ɗora dutse. Duwatsu uku na kawo mata, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya ta zaɓi wani baƙi mai santsi.

"Kwana ashirin da ɗaya," in ji ta. "Kuma wanda aka yi tulu dominsa, shi ke ɗaga dutsen da hannunsa. Haka Iya ke yi."

To, ga nawa kuskuren. Ina cikin jerawa gyangyaɗi ya ɗauke ta. Na dubi kwanon gishirin nan cike, na dubi ƙafafunta, na tuna maganar likita. Na ce a raina, mutanen da ai ba su san hawan jini ba. Tafi ɗaya na barbaɗa, na mayar da sauran buhu, na liƙe tulu na ajiye shi a bayan randarta. Har wani daɗi nake ji, ni mai ilimi.

Abu ɗaya dai tulun ya fara yi tun ba a buɗe shi ba. Da na kawo kunu ta kau da kai, sai na ce, "Inna, dutsen nan fa da nauyi. Da wannan hannun za ki ɗaga shi?" Ta ɗaga hannun ta juya shi tana kallo kamar na wata. Sai ta buɗe baki. Ranar cokali biyar ta sha. Washegari bakwai, da rabin ƙwai. Ta sa na kawo mata gwangwani, kowace safiya ta jefa ƙwallon tsamiya ɗaya a ciki.

Ran kwana na shida, da azahar, Inna tana barci a rumfa, na shiga ɗakinta na ga ƙudaje sun yi baƙi a bakin tulun. Yumɓun ya tsage. Ba sai na buɗe ba, amma na buɗe, na tarar kifin ya ruɓe. Na rufa masa tsohon zane na fita da shi ta bayan ɗaki, na ɗauki fartanya na fara haƙa a bayan rumbu, ina haƙa ina hawaye. Sai na ga inuwar mutum a kaina.

"Gishiri nawa kika sa?" in ji Gwaggo, mayafi a hanci.

"Tafi ɗaya. Likita ce ta ce a rage."

"Tafi ɗaya! Ni ban taɓa cin kifi ba, amma ko fatar akuya ba a ajiye ta da tafin gishiri. Wannan shi ne bokon?"

Na jira ta ce dama ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta karɓi fartanyar ta ƙarasa binnewa da kanta, ta sa na wanke tulun na babbake cikinsa da kara, muka mayar da shi bayan randa babu komai a ciki, dutse a kai. "Kada uwarki ta ji," in ji ta. "Abin nan kaɗai take riƙe da shi."

Washegari ce ranar komawa asibiti. Da aka gama duba Inna, Sale ya fita da ita, na tsaya na faɗa wa likitar komai. Ta yi dariya har ta riƙe tebur, sannan ta ɗaure fuska.

"Malama, gishirin tulu shi ne mai gadi. Kin kori mai gadi, me kike jira? Gara da kika zubar, irin wannan ruɓaɓɓen yana iya kashe mai lafiya ma. A kwano ake rage gishiri, ba a tulu ba."

Ta ce in sa shi yadda Inna ta faɗa. In ya nuna, in jiƙa abin da za ta ci, in canza ruwan sau biyu ko uku, in dafa shi ya dahu sosai, kada in ƙara ko ƙwayar gishiri a miyar. Kifi biyu ko uku sun isa, kuma ba kullum ba. Ta ce namansa yana gina jiki kamar kowane nama, kuma ƙaramin kifin da ake cinyewa har ƙashi yana ƙarfafa ƙashin tsoho, yana taimakon jini. "Amma abinci ne, ba magani ba. Ƙwayoyin da na rubuta mata kada su tsaya. Abin da ya fi min komai a tulun nan shi ne tana son sa."

A yammacin ranar, Inna tana barcin gajiyar mota, muka sa tulu na biyu. A ɗakin Gwaggo muka yi, ɗakin da kifi bai taɓa shiga ba. Ita ta auna gishirin daga nata na ajiya, kwano cike har da tozo, hannu ɗaya a hanci, tana ta istigfari. Muka lallaɓa muka mayar da shi wurinsa. Yanzu tulu yana bayan gwangwanin Inna da kwana bakwai.

A makonnin nan aka shiga girbi. Daga rumfa muna jin maza suna karya gero, muna jin waƙar mata daga gonakin gyaɗa, sama ta yi fari, gajimare ƙanana suna wucewa ba ruwa a cikinsu. Kullum gonar bayan gida raguwa take, har wata safiya Inna ta duba ta saman danga ta ga fili da dammuna a jere. "Ruwa ya janye," in ji ta. "Yanzu ne ake kamun kifi da hannu." Ban gyara mata ba. Na lura dai kwalekwalen ya rage zuwa, kumburin ƙafar ya fara saɓewa, tana iya zama ta jingina da bango. Amma ci har yanzu da ciniki ne, kowace loma sai na ambaci dutse.

Ranar da ƙwallo na ashirin da ɗaya ya faɗa gwangwani, na riga na shirya ƙaryata. Zan ce yumɓun bai bushe ba. Na zauna ina jira ta ce a kawo tulu. Ba ta ce ba. Ta sha kununta ta kwanta. Washegari ma haka, gwangwanin ma ta daina nema. Nan hankalina ya tashi fiye da ranar kwalekwale. Na ce ko dai lissafin ya ɓace mata, ko kuwa ta saki abin da take riƙe da shi. A makon ta yi shiru ƙwarai, sai dai in gan ta tana kallon bayan randa. Na sha zuwa bayan rumbu in tsaya a kan wurin da muka binne na farkon in yi kuka. In ta tafi a cikin kwana bakwan nan, ni na sace mata su da tafin hannuna.

Allah bai nufa ba. Ranar da tulu ya cika nasa kwanakin, da hantsi, na durƙusa na ce, "Inna, tulu ya nuna."

"To," kawai ta ce.

Na janyo shi gabanta. Sale ya baro gona ya tsaya a tsakar gida, Gwaggo tana bakin ƙofa da mayafinta. Inna ta yi bisimilla ta sa hannu biyu a kan dutsen. Ya motsa, bai tashi ba. Na miƙa hannu zan taimaka, ta buge min shi, bugu mai zafi irin na da, wanda na yi shekaru ban sha ba. Ta ja numfashi ta sake kamawa. Dutsen ya tashi, ta ajiye shi a kan tabarma da kanta.

Ƙamshin ba irin wanda zan ce kowa zai so ba ne. Tsami ne da yaji da wani abu mai nauyi a ƙarƙashi. Inna ta rufe ido ta daɗe a haka, leɓenta yana motsi. Na ɗebi uku na jiƙa, na canza ruwa sau uku, na dafa da albasa da ɗan man gyaɗa, na tuƙa tuwon sabon gero mai laushi. Ba cokali, ba ciniki. Da hannunta ta ci, ta tauna har kan kifin, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Ta cinye malmala guda, abin da rabonta da shi tun tsakiyar damina.

Ina tattara kwano ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, na farkon a ina kuka binne shi?"

Na ajiye kwanon. Gwaggo ta yi tari ta juya baya.

"Inna, kin sani?"

"Ni 'yar masunta ce. Tun kwana na huɗu na ji ya juya, ina kwance kusa da shi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Na ɗauka lissafi ne ya ɓace miki. Na ɗauka..." Na kasa ƙarasawa.

"Da na faɗa, da kunya ta hana ki sakewa, na san halinki." Ta lashe ɗan yatsa. "Rai na Allah ne, Auta. Amma mai jiran abu ba ya saurin tafiya. Da na ga an ƙara min kwana bakwai na jira, sai na karɓa."

Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da na yi wata biyu ina ɓoyewa. Ta bar ni na yi mai isata, tana shafa min kai da hannun da bai taɓa miya ba. Sannan ta ɗan ture ni.

"Tashi haka nan. Akwai sauran tuwon?"